Lambar da ke Jikin Keken Kawu Tela

Kawuna tela ne, amma ba shi ya zaɓi ɗinki ba. Yana aji uku a sakandare, shi ne na ɗaya a lissafi, mahaifinsu ya rasu. Yayyensa suka cire shi suka zaunar da shi kan keken ɗinkin tsohon, wai kansa ya fi ɗaukar awo.

A gindin keken akwai lambar kamfani: 452004181. Kawu ya tuna darasin ƙarshe da aka yi musu, cewa akwai lambobin da ba sa rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kansu. Ya ɗaura niyyar gano ko tasa tana cikinsu. Mara ce, biyu ba ta raba ta. Uku ta bar saura, biyar ma haka. Ya sayi littafin rubutu ya ci gaba.

Shekara shida yana yi, tsakanin yanka da ɗinki. Littattafai goma sha huɗu suka taru ƙarƙashin tebur. Matarsa takan ce, "Da a ce lambar nan mace ce, da tuni na haɗa kayana." Ya wuce dubu ashirin bai samu mai raba ta ba, saura kaɗan ya tabbatar ba ta rabuwa.

Wata rana surukinsa, mai gyaran waya, ya kawo wando a rage masa. Kawu ya ba shi labari da fara'a.

"Baba, ai wannan aikin minti ɗaya ne," in ji surukin. Ya danna lambar a waya. "Tana rabuwa. Ɗari da sha uku."

Masu jiran ɗinki suka yi dariya. Kawu ya jawo littafin farko, ya buɗe shafi na tara inda ya raba ta da ɗari da sha uku, ya bi da yatsa. A layi na uku ya rubuta shida inda ya kamata ya rubuta biyar. Tun makon farko ya yi kuskuren.

Ya rage wandon, ya goge, ya miƙa.

Da na je gaishe shi, na tarar yana yanka littattafan yana fitar da samfurin wuyan riga. Na ce, "Kawu, kowa na kuskure."

Ya ce, "Na sani, ɗiyata. A makaranta, washegari malami zai ja jan biro a wurin, shi ke nan. Ni shekara shida ba wanda ya duba min."

Har ido ya hana shi zura zare yana ɗinki. Idan jikoki suka kawo aikin lissafi, sai ya ce su kai wa mai waya.