Ɗigon Jini Daga Wutsiya

Goggona, ƙanwar babanmu, shekara goma sha tara ke nan tana kiwon ɓeraye a ɗakin gwajin magunguna. A gida tsokanarta muke yi: mutane na ɗana musu tarko, ita tana sauya musu shimfiɗa. Sai ta harare mu ta ce, "Nawa farare ne tas, sun fi ku tsabta."

Abu ɗaya ta tsana a aikin. In an ba ɓera sabon magani ana son a san ko ya ci masa hanji, sai an kashe shi an farke cikin an duba. Ita ke ciyar da su, ita kuma ke miƙa su. A irin wannan rana ko gaisuwa da ƙyar take amsawa.

Sai wata likita mai bincike ta zo da sabuwar hanya. Akwai wani sinadari da hanji ke zubawa cikin jini, in hanjin ya ji rauni sai ya ragu. Ɗigon jini daga wutsiya ya isa a gane, ba sai an kashe ba. Kai, Goggo kamar ta goya matar nan don murna!

Amma gwajin farko ya fito a hargitse, mai lafiya da marar lafiya duk ɗaya. Shugaban sashe ya ce wasa ya ƙare, ranar Alhamis a farke duka ɓeraye arba'in ɗin da ake gwajin da su.

Goggo ba ta san lissafinsu ba, amma ta san ɓerayenta. Ta tare likitar a bakin ƙofa.

"Likita, ki yi haƙuri da katsalandan. Kowannenku sai ya samu sarari yake zuwa ɗibar jini. Wani ɓeran ya cika ciki, wani bai karya ba. Ga shi kuna matse wutsiyar kamar kuna matse wanki. Ina jini zai faɗi gaskiya?"

Likitar ta je wurin shugaban ta roƙo mata kwana uku.

Goggo ta kwashe abincin daga keji da wuri. Ƙarfe takwas daidai ta naɗe kowane ɓera a tawul, ta tsoma wutsiyar a ruwan ɗumi, jinin ya taho da kansa. Ta ce mini ba ta taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Ran Laraba sakamako ya fito a rabe sarai. Shugaban ya juya takardar, ya sake juyawa, ya ce shida kawai za a farke don a tabbatar.

Shidan sun yi mata ciwo, ba ta ɓoye ba. Amma da yammar Alhamis ta shigo gida tana dafe da ƙugu, tana mita.

"Wayyo bayana! Baki talatin da huɗu na ciyar yau, kuma gobe ma suna nan."

Mita take yi, amma bakinta ya ƙi rufuwa don murna.