Yatsun Dadda Bihi

Da sanyi ya kama Turai, tsofaffin motocin kwana sukan gangaro garin Sidi Ifni, kowace da gadonta da murhunta da tsofaffinta a ciki. Su jeru a bakin teku, iskar gishiri ta yi ta lasar ƙarfensu. Abin da gishirin ya ɓata, wurin Dadda Bihi mai gyaran wutar mota ake kai shi.

Tun yana saurayi hanyarsa ɗaya ce. Wutar mota takan fita ta waya, ta komo ta jikin ƙarfen motar, ta wasu notuna da aka ɗaure. Idan noti ya yi tsatsa, sai wutar ta rasa hanyar gida ta bi duk inda ta samu: a taka birki sigina ta kama, a kunna famfo rediyo ya yi shiru. Bihi sai ya sa a kunna komai, ya rufe ido, ya bi notunan da kan yatsa. Mai ciwon yakan yi ɗumi, kamar goshin da zazzaɓi ke shirin kamawa.

Sai ciwon sukari ya zo. Ya fara da tafin ƙafa, ya hauro hannu. Yanzu yakan ɗauki kofin shayi, ya ga tururi yana tashi, amma hannunsa ba ya jin zafin. Matarsa Ijja ta sa shi ya rantse cewa ranar da yatsun suka daina ji zai rufe shago, su koma Agadir wurin 'yarsu, can saman bene inda ba a jin teku. Ya rantse. Bai gaya mata ranar ta riga ta wuce ba.

Wata safiya motar Madam Odil ta tsaya a ƙofar shagon tana tari. Duk shekara ita da mijinta Rene suke zuwa. Bana ita kaɗai ta fito, Rene ya rasu.

"Dadda Bihi, ga tsohuwar marar lafiyarka," in ji Mbarek mai walda, maƙwabcin shagonsa, yana nuna motar. "Ita da kai ban san wa zai riga wani ba."

"Motar ta haukace, Ma'allim," Odil ta ce. "In na taka birki, fitilar kan gado ce ke kamawa. Jiya sai da aka tura ta. Rene ya ce kada in bar kowa ya taɓa ta sai kai."

"Mutumin kirki ne," in ji Bihi. Ya nemi baƙin cikin a ƙirjinsa. Ya san yana nan, amma bai ji shi ba.

Ya sa ta kunna komai. Ya bi notin bayan fitila, ya bi na ƙarƙashin firji, ya kwanta a ƙasa ya bi na gefen tanki. Duk ɗaya suke, kamar yana taɓa su da sanda. Ya ɗauko mita. Mitar ta ce wuta na ɓacewa, abin da ya sani tun kafin motar ta tsaya, kuma lambobinta sun yi ta iyo a idonsa.

"Barci ka yi a ƙarƙashin nan?" Mbarek ya leƙo. "In kawo maka matashi?"

"Kawo bakinka in ɗaure shi da noti."

Saura babbar wayar nan mai kitso da ke bayan batir, a ƙarƙashin kujerar direba. Ya zura hannu ya ɗora yatsa a kan notinta.

"Madam, murɗa makulli. Kada ki saki sai na ce."

Injin ya yi nishi, ya sake nishi. Bihi ya jira, idonsa a rufe. Babu komai. Yana shirin janye hannu sai wari ya taso, irin na kan rago a wuta ranar layya.

"Wa ke babbaka da safen nan?" in ji Mbarek.

Bihi ya zaro hannun ya duba. Kan yatsan ya yi fari, da zanen notin a jiki. Ya dube shi kamar na wani ne.

"Saki, Madam. Na same shi."

Ya jira ƙarfen ya huce, ya kwance notin, ya kankare tsatsar har wurin ya yi ƙyalli, ya shafa giris ya ɗaure. Murɗa ɗaya motar ta tashi. Aka taka birki, fitilar birki kaɗai ta kama.

"Yatsun nan naka, Ma'allim," in ji Odil tana murmushi, ta ja motarta.

Mbarek ya ga ƙunar. Ya yago tsumma mai tsabta ya miƙa masa.

Da azahar a gida Ijja ta ajiye tukunyar kifi da gurasa. Bihi ya miƙa hannu, ta riƙe shi, ta warware tsumman a hankali. Ƙunar ta tara ruwa.

"Yaushe?"

"Ɗazu."

"Ba wannan nake tambaya ba, Bihi."

"Tun bazara."

Ta latsa gefen ƙunar da babban yatsanta. "Ka ji?"

"Ina ganin kina latsawa."

Ta tashi ta kawo zuma ta shafa, ta ɗaure da sabon ƙyalle. Daga nan ana jin teku yana ta aikinsa. Bihi ya sa hannun hagu a aljihu, ya ciro makullin shagon, ya ajiye a gefen gurasar. Ijja ba ta dubi makullin ba.

"Ci abincinka, kada ya huce."

Ya gutsuri gurasa ya tsoma a romon. Sai da lomar ta kai bakinsa ya san da sauran zafi.