Ranar da Kawuna Ya Zama Tattalin Arziki

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba aka turo ni koyarwa a firamaren Makarfi, garin mahaifiyata. Na sauka a gidan kawuna, manomin rake mai injin matsa irin wanda doki ke ja. Mazarƙwailarsa ta yi suna har Hunkuyi da Ikara. Mutum ne da ba ya yar da komai, ko tukar rake sai ya shanya ta ya hura wuta da ita, kuma ba ya son a ce ga abin da ya gagare shi.

Wata rana labari ya zo cewa babban jami'in gona zai zo daga Zariya ganin masu rake. Mutumin kudu ne, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Manoma suka zaɓi kawu ya yi magana a madadinsu, ni kuma in yi tafinta. Ya yarda, amma da sharaɗi.

"Magana ɗaya zan faɗa da bakina da Turanci," in ji shi. "Sauran ka juya masa."

"Me kake so ka ce, Kawu?"

"Kalmar nan da suke ta nanatawa a rediyo, ikonomi. Ita nake so."

Bayan la'asar muka zauna a tsakar gida, na ɗauki tsinke na rubuta masa kalmomi uku a ƙasa. Na ce economy suna ne, shi ne tattalin arzikin ƙasa. Economic sifa ce, ta abin da ya shafi tattalin arziki. Economical ma sifa ce, amma ta mutum mai tattali, wanda ba ya ɓarna.

Kawu ya daɗe yana kallon rubutun kamar yana iya karantawa. "To mene ne bambancin suna da sifa?"

"Kamar ka ce doki, ka kuma ce baƙi. Doki yana tsayuwa shi kaɗai. Baƙi kuwa sai ya jingina da wani abu."

Matarsa tana gefe tana tankaɗe, ta ce, "Malam, ta ukun nan ai don kai Turawa suka ƙera ta."

Ya harare ta, amma ita ya zaɓa. Na shirya masa: I am an economical farmer. Kwana huɗu yana bita. Yana bin doki a bayan inji yana faɗa, yana juya ruwan rake a kasko yana faɗa, har ma'aikatansa suka haddace kafin shi.

Ranar da baƙon ya zo, mutane suka cika bakin injin, ƙamshin dafaffen ruwan rake ya gauraye wurin. Jami'in ya fito daga mota, aka gaisa, aka ba shi kujera. Kawu ya miƙe cikin babbar rigarsa ta salla, ya gyara murya, ya dube ni, ya dubi taro. Na ga leɓensa na motsi, na san wani abu ya tsere masa. Sai ya dafa ƙirji ya ɗaga murya:

"I am economy!"

Na sunkuyar da kai. Jami'in ya dubi tarin rake, ya dubi kasake na tafasa, ya dubi layin mazarƙwaila da fataken da ke jiran lodi. Sai ya tuntsire da dariya, ya tashi ya kama hannun kawu da hannu biyu, ya yi magana mai tsawo.

"Me ya ce?" mutane suka tambaye ni.

Na ce, "Ya ce shekara da shekaru yana ganin tattalin arziki a takardun ofis, sai yau Allah ya haɗa su ido da ido, har sun gaisa."

Wuri ya kaure da dariya da tafi. Kawu ya matso kusa da ni, ya rage murya.

"Na faɗa daidai?"

"Kawu, suna ka faɗa maimakon sifa."

"Wanne ne mai tsayuwa shi kaɗai?"

"Suna."

"To, madalla," in ji shi, ya ci gaba da jawabinsa da Hausa, ina juyawa. Ya yi maganar hanyar da ke yankewa da damina da tsutsar da ke cin rake, jami'in yana rubutawa. Baƙon da aka ce minti kaɗan zai yi bai tafi ba sai bayan azahar, kuma kafin lokacin dashe ya aiko wa manoman sabon irin rake.

Ranar Litinin bayan zuwan baƙon na shiga aji na rubuta kalmomin nan uku a allo. Ban ko buɗe baki ba yara suka fashe da dariya, don labari ya riga ni zuwa makaranta. Da aka yi jarrabawa, ba wanda ya faɗi wannan tambayar.