Abin da Aro Ya Bari a But

Da ana mayar da safiya baya, da na mayar da wadda na fita da Inna ban buɗe but ɗin motata ba.

A shekarun nan tasi nake tuƙawa tsakanin unguwannin Nima da Adabraka. Motar tsohuwa ce, amma na tanadar mata tayar ko-ta-kwana, da jak, da sifana, da galan na ruwa. Sai dai a unguwarmu ta Zango ba a hana aro. Wani Alhaji maƙwabcinmu ya ari jak da sifana. Abokin babana na Maamobi ya ari tayar. Duk sun haife ni, kunya ta hana ni tambaya. Kullum sai in ce gobe.

Sai saƙo ya zo daga garin Koforidua cewa yayar Inna na kwance, tana ta kiran sunanta. Su biyu suka rage a ɗakinsu.

Da za mu tashi, Inna ta ce, "Ɗan nan, komai na nan?"

Na ce, "Komai na nan, Inna."

Mun gama hawan tsaunin Aburi ke nan taya ta fashe. Na buɗe but. Galan da tsumma.

Inna ta leƙa, ta ce, "Shi galan ba wanda ya so shi? To, an gode musu." Ta yi alwala da ruwan, ta shimfiɗa mayafinta a gefen titi.

Har yau wurin kamar mafarki yake zo mini. Gajimare ya sauko har kan itatuwa, motoci na fitowa daga cikinsa suna ɓacewa, ina ɗaga musu hannu. Ita kuwa tana ba ni labarin yadda yayarta ta goyo ta daga Arewa a bayan motar goro, tana tauna mata rake tana ba ta ruwan.

Kafin in sami mai ba ni jak, in kai tayar wurin mai faci, in dawo, rana ta karkata. Mun shiga layin gidan yayar Inna maza na dawowa daga maƙabarta, an binne ta.

Inna ta daɗe ba ta sauka ba. Can ta ce, "Allah bai yi ba." Har ta koma ga Mahaliccinta ba ta sake ta da zancen ba, kuma shirun nan nake ɗauke da shi.

Ina roƙon ku, kada ku ce komai na nan sai kun buɗe kun gani. Abin da kuka ba da aro kuma, ku je ku karɓo, ko da a hannun sa'an babanku yake.