Mutumin da Na Karya wa Ƙafa

Shekara tara ke nan da rasuwar Malam Habu na Kahu, manomin da na karya wa ƙafa, wanda daga baya ya zamar min uba.

Lokacin ina acaba tsakanin Rurum da Kibiya, ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba. Kullum da safe sai na haɗiyi ƙwaya, wai don kada in gaji. Wata ranar kasuwa, idona na lumshewa, na kwashe shi a gefen hanya yana janye da akuyarsa. Da ƙyar aka ƙwace ni daga hannun jama'a.

A kotu a Rano alƙali ya yanke min bulala da ɗauri. 'Ya'yan Malam Habu na zaune a bayana, ina jin hucinsu. Sai Malam Habu ya miƙe dogare da sanda.

"Allah gafarta Malam," in ji shi, "in an ɗaure yaron nan, ranar da ya fito wa zai kaɗe? Na yafe ƙafata. A kai shi asibiti a raba shi da abin nan."

Babban ɗansa ya fice a fusace. Alƙali ya daɗe yana kallona kafin ya amince, da sharaɗin in na gudu, Malam Habu ne zai amsa.

Na kuwa gudu. Sati biyu a wani asibiti a Kano, jikina na kakkarwa kamar ana sassaƙa min ƙashi, na tsallake katanga. Kwana uku Malam Habu yana nemana, ya tarar da ni a rakuɓe bayan tasha.

"Tashi mu koma," ya ce. "In ka ƙi, ni za a kulle."

Na tashi.

Yau in na ga samari kan babura, ido jajir, a kama su a saki ba wanda ya yi zancen magani, nakan tambayi kaina me Malam Habu zai ce. Ina jin abin da ya saba faɗa zai maimaita, cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Bai ƙara taka ƙafar daidai ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Ɗan nasa har gobe ba ya amsa gaisuwata, ban kuma ga laifinsa ba. Ni ma ba zan ce na warke sarai ba. Har yanzu in na zo wucewa ta gaban mai sayar da ƙwaya, bakina kan bushe, hannuna ya sassauta da kansa. Sai in tuna akwai wanda ya tsaya min, in murɗa babur in wuce.

Allah ya jiƙan Malam Habu, ya sa ya huta.