Takardar Ficewa Daga Tsohon Rukuni

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar Lahadin da aka ce in rubuta takardar ficewar kwalejinmu daga rukunin gasar da muka daɗe a ciki. A Doha Lahadi ce farkon makon aiki, ko shayin safe ban ƙarasa ba umarnin ya iso teburina. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya, bari in fara muku daga tushe.

Lokacin ina mataimakin jami'in wasanni a wata kwaleji mai zaman kanta, shekarata ta huɗu da barin Zariya. Aikina tsara jadawalin atisaye, yi wa 'yan wasa rajista, neman bas, da bin takardun likita. Sama da ni akwai mudir, wato shugaban sashen. Su kuma kociyoyi kowa da ƙungiyarsa.

Kwalejoji ba haka kawai suke haɗuwa su yi wasa ba. Rukuni-rukuni suke, kowanne da dokokinsa. Namu ƙarami ne, kwalejoji bakwai, kuma ƙarfinsa a ƙwallon kwando yake. Akwai wani babban rukuni da ya shahara a ƙwallon ƙafa, ana buga wasanninsa a manyan filaye, har jaridu na ɗaukar hoto. Dokarsu ita ce ba a raba ƙafa: kwalejin da za ta shiga, da duk ƙungiyoyinta za ta shiga.

Kocin ƙwallon kwandonmu shi ne Malam Habibu, mutumin zangon Kumasi, dogo, ya haura hamsin, gwiwoyinsa sun gaji har sai ya dafa bango yake hawa bene. Shi ya tara ɗalibai 'yan Sudan da Filifin da Labanan ya mai da su ƙungiya, suka ɗauki kofin rukuni sau biyu a jere. Mu biyu ne Hausawa a sashen, Yaya nake ce masa. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa kuwa ba yabo ba fallasa. Amma tun da aka ba Qatar damar karɓar gasar kofin duniya, ba wanda ke son jin zancen wani wasa sai ƙwallon ƙafa. Mudir ya ƙudura sai an ga sunan kwalejinmu a babban rukuni.

Ya sa ni in rubuta rahoto, in auna amfanin sauyawar da illarta. Mako biyu na yi ina yawo da tambaya. Na fitar da shafi huɗu. Na farko amfani ne: suna, manyan filaye, jawo sababbin ɗalibai. Sauran ukun illa ce. Na rubuta cewa ƙungiyoyin kwando uku kacal ke cikin babban rukuni, su ma na cika doka ne. Na rubuta cewa kakar ƙwallon ƙafarsu tana farawa zafi bai sauka ba, lokacin da ba mai iya gudu a fili da yamma, don haka dole 'yan ƙwallon ƙafa su nemi zauren cikin gida mai na'urar sanyi. Zaure ɗaya gare mu, shi ne na 'yan kwando.

Ranar taron hukumar kwaleji aka kira mu duka. Mudir ya raba takarda, na karɓi tawa, sai na ga shafi ɗaya ne, na farkon, da sunana a ƙasa. Mataimakiyar shugaban kwaleji ta karanta, ta ɗago kai ta tambaya ko akwai wata matsala da ya kamata su sani. Mudir ya ce babu. Ta dube ni, tun da ni na rubuta. Malam Habibu ma ya dube ni. Sauran shafukan suna cikin jakata a gefen kujera.

Na bar su a jakar. Kwalejin ce kafil ɗina, wato ita ke riƙe da izinin zamana a ƙasar, kuma a watan nan ne na miƙa takardun kawo matata da yara, suna jiran sa hannun mudir. Na sunkuyar da kai kamar mai duba wani abu a takarda. Aka amince da sauyawar cikin minti goma. Ranar Lahadi na rubuta takardar ficewa, na kai da hannuna ofishin tsohon rukuni. Sakataren can, wani dattijo da muka saba, ya karanta ya buga hatimi, bai ma ce in zauna ba.

Ranar Juma'a bayan masallaci muka je unguwar Asian Town cin abinci da Malam Habibu kamar yadda muka saba. Na yi zaton ba zai zo ba. Ya zo, ya ci shinkafarsa a natse, sai da ya wanke hannu ya yi magana.

"Ƙanena, ka rubuta gaskiya a rahoton nan?"

Na ce, "Na rubuta, Yaya. Shafi uku aka cire."

"Suna ina ranar taron?"

"A jakata."

Sannan ya ce ya san abin da ke wuyana, shi ma da yana da iyali a hanya ƙila haka zai yi. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da sabon zangon karatu ya fara, komai ya bi yadda na rubuta, kuma ni aka sa in tsara shi. Na ba 'yan ƙwallon ƙafa zauren daga huɗu zuwa bakwai na yamma, na mai da 'yan kwando ƙarfe shida na safe. Ɗalibin da ke zaune can Al Wakrah, wajen Doha, yaushe zai iso atisayen shida, ya kuma shiga aji ƙarfe takwas? 'Yan kwando daga mutum goma sha huɗu suka koma takwas. Malam Habibu da kocin ƙwallon ƙafa suka daina gaisawa, alhali babu wanda ya zaɓi wannan tsari a cikinsu. Takalman ƙwallon ƙafa suka kankare katakon zauren, kullum sai an kawo mini ƙara.

Wasan 'yan kwando na farko a sabon rukuni a Al Rayyan aka sa. Na hau bas da su. Muka isa, suka ɗaura takalma, suka ɗumama jiki. Abokan karawar suka zo su huɗu, ba su cika biyar ɗin da doka ta ce ba. Alƙalin wasa ya jira minti goma sha biyar, ya busa, ya ce mun ci. Babu wanda ya yi murna. Kyaftin ɗinsu, wanda shekararsa ta ƙarshe ke nan a kwaleji, ya cire rigar wasa, ya ninke, ya miƙo mini ya ce in mayar sito. Bai sake zuwa atisaye ba.

Sai a lokacin na ɗauki shafukan nan uku na shiga wurin mudir, bayan iyalina sun riga sun iso. Na ce, "Yallaɓai, ko a roƙi babban rukuni su bar 'yan kwando su koma inda suka fito." Ko kallon takardun bai yi ba. Ya ce, "Khalas, an wuce wurin." Na fito.

Ƙarshen shekara ba a sabunta kwantiragin Malam Habibu ba, wai ƙungiyarsa ba ta da isassun 'yan wasa. Ni na kai shi filin jirgi. A mota zancen gwiwarsa muka yi, da ruwan saman Kumasi da ya ce ya yi kewa. 'Yan ƙwallon ƙafa suka yi kaka biyu suna shan kashi a hannun waɗanda suka fi su shiri. Wasu kwalejoji biyu suka bi sahunmu, tsohon rukuni ya kasa tsayuwa ya watse. Mudir ya samu babban muƙami a wani wuri. Wanda ya gaje shi, a makonsa na farko, ya tambaye ni me ya sa kwaleji mai zaure irin wannan ba ta da ƙungiyar kwando.

Abin da na koya ba shi da yawa. A aikin nan waɗanda ke yanke hukunci ba su ke zufa ba, kuma galibi kafin illar ta bayyana sun yi gaba, sai a bar masu jadawali irinmu da kallon idon ɗalibai. Na koyi cewa mutum kan rubuta gaskiya tsaf, ya kuma binne ta da shirunsa. Ban ce ku yi wasa da abincinku ba, na san abin da ƙasar mutane take. Amma idan an sa ku rubuta rahoto, abin da zai cuci wani ku sa shi a shafin farko, a layin farko. Idan kuma aka dube ku aka ce ko akwai matsala, ku sani sau ɗaya ake yin wannan tambayar.