Fitsarin Takwarar Nyakio

Nyakio ta shekara arba'in tana tsinkar ganyen shayi a gangaren Othaya. 'Ya'ya huɗu ta haifa, duk maza. Da Gathoni, matar ɗanta Gichuki, ta haifi 'yar fari mace, aka sa mata sunan uwar uba kamar yadda aka saba, Nyakio ta rangaɗa guɗa huɗu ta 'ya mace har muryarta ta dishe. Duk wanda ta gamu da shi sai ta ce, "An sake haihuwata."

Sai dai iyayen yarinyar aiki suke a gari, kuma gidan Wamuyu, uwar Gathoni, shi ne a bakin hanya, don haka can ake ajiye ta kullum. Yarinya ta buɗe baki da kiran kaka, "Shosho," amma Wamuyu take nufi. Kishi ya ci Nyakio, ba ta ma ɓoyewa. Suna nata, goyo na wata. In an yabi kitson yarinyar sai ta ce ya yi tsauri, in an ce ta yi ƙiba ta ce kumburi ne.

Yarinyar na da shekara biyu da rabi Wamuyu ta tare Nyakio a bakin coci.

"Uwar Gichuki, fitsarin takwararki ya yi yawa. Wando takwas nake wankewa a wuni, ga shan ruwa ba ƙoshi, kuma tana ramewa. A kai ta asibiti."

Nyakio ta yi dariya. Wamuyu ta taɓa sharar asibiti na 'yan shekaru, shi ya sa take wa mutane likitanci.

"Uwar Gathoni, tsintsiya kika riƙe a asibitin nan, ba allura ba. Ni ma kafin kwandona ya cika sai na zaga bayan gona sau biyar. Wanda aka sa wa sunanka halinka yake ɗauka. Gado ne, ba ciwo ba."

Daɗi ma ta ji, don ga shi a ƙarshe an sami abin da yarinyar ta ɗauko nata. Ta danne ɗanta da faɗa har ya bar zancen asibiti, ta kuma ce a kawo mata takwararta ta yi mako guda, a ga wanda ya iya raino. Sai bayan mako biyu da 'yan kwanaki aka kawo ta.

Kwana uku yarinyar na shan kunu da ruwa kamar ana zubawa a rami, tana tsugunawa a tsakar gida, ba ta wasa. Rana ta huɗu da hantsi Nyakio ta zo shara, ta ga kiyashi ya yi baƙi a inda yarinyar ta yi fitsari, irin yadda yake taruwa a bakin gwangwanin sukari. Ta juya ta ga takwararta kwance a kan buhu, leɓe a bushe, numfashi sama-sama.

Ta goya ta da gudu. Hanyar mota ɗaya ce, kuma ta ƙofar Wamuyu ta bi. Wamuyu ta yafa mayafi ta tsayar da mai babur.

Likita ya ce ciwon suga ne, yana kama yara ma, kuma da an ƙara kwana biyu da labari ya sha bamban. In yaro ya riƙa fitsari barkatai da ƙishi da rama, ba a jira. Ya dube su ya ce, "Wa ya fara lura, kuma tun yaushe?"

Nyakio ta nuna Wamuyu. "Ita ce. Mako uku ke nan. Ni na hana."

Da yamma yarinyar ta buɗe ido ta ce, "Shosho." Su biyu suka zabura. Nyakio ta tsaya, ta ja kujerarta baya.

"Je ki, Uwar Gathoni," ta ce. "Ke take kira."